Sharaɗin Maganin Yaya Bawa

Da sunan Allah nake farawa, kuma gara in gaya wa mai karatu tun yanzu cewa ba da sanyin zuciya na zauna rubuta wannan ba. Sunana Kulu, 'yar Jangeru ce ni ta ƙasar Shinkafi, matar marigayi Lawali. Na fita takaba, na yi wanka na yi kitso, kowa ya zo sai ya ce in bar wa Allah. Na bar masa. Sai dai hakan bai rufe mini baki ba. Ina so duk macen da ta wayi gari ta ga idon mijinta ya yi ruwan ɗorawa ta san abin da ke jiranta, ba daga ciwon kaɗai ba, har daga masu cewa sun san maganinsa.

Aure ne ya kai ni wani ƙauye a ƙasar Zurmi. Ba masu kuɗi ba ne mu, amma bakinmu bai bushe ba. Muna da awaki da kaji da zabbi, nono ba ya yanke mana, ranar kasuwa kuma Lawali ba ya dawowa ba tare da ƙullin busasshen kifi ba. Da zaman ƙauye ya gagara, kowa ya san dalili ba sai na faɗa ba, muka fito da 'ya'yanmu mata biyu da abin da kai zai iya ɗauka. Dabbobin ko ɗaya ba mu tsira da shi ba.

Kaura Namoda muka sauka, gidan wan Lawali, Yaya Bawa, dillalin hatsi. Ba zan danne gaskiya ba: ya ba mu ɗaki, ya buɗe mana rumbunsa, shi ya samo wa Lawali babur ɗin da yake kabu-kabu da shi tsakanin Kaura da Kasuwar Daji. Shi ya riƙe Lawali tun da mahaifinsu ya rasu, don haka Lawali ko ido ba ya iya haɗawa da shi. Gero dai akwai shi a gidan kamar ƙasa. Sama da shekara tuwo da miyar kuka muke ci safe da yamma, nama sai in an yi suna a unguwa.

Bayan girbi ciwon ya fara. Lawali ya riƙa dawowa tun azahar yana cewa jikinsa ya mutu. In na ajiye tuwo sai ya kalle shi ya kau da kai. Fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, yana yawan dafe ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Wata safiya da ya fito tsakar gida yin alwala na dubi idonsa, na ga ya yi ruwan ɗorawa. Na same Yaya Bawa a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ce ko za a kai ƙanensa asibiti.

Ya yi dariya. Ya ce, "Asibitin mi? Shawara ta, Kulu. Ni ma ta kama ni ina saurayi, wa yak kai ni asibiti? Ga ni nan garau. Ki koma cikin gida, wagga ba maganar mata ba ta."

Ranar da Kasuwar Daji ke ci ya tafi da kansa, ya dawo da ƙunshin sassaƙe da saiwoyi daga wurin wani mai magani. Ya tara mu, ni da matarsa Asabe, ya tsaya a kanmu yana lissafi da yatsu.

"Maganin ga yana da sharaɗi. Ba mai, ba nama, ba kihi, ba ƙwai, ba gujiya, ba nono, ba wake. Hanta nai ta yi zahi, in anka ba ta maiƙo narkewa za ta yi. Kunun gero tsinkakke, sai rake, sai jiƙo. Wadda tak karya min sharaɗi, ni da ita."

Ban yi musu ba a ranar, don ni ma da wannan maganar na tashi. A garinmu ma mai shawara ba a ba shi maiƙo. Amma abin da na sani na 'yan kwanaki ne, a ɗaga wa mutum ƙafa har cikinsa ya daidaita. Na Yaya Bawa ba shi da ranar ƙarewa.

Mutumin da tunda na zo gidan bai san inda murhu yake ba, sai ga shi ya zama mai duba tukwane. Kafin ya fita sai ya buɗe kwanon Lawali ya sunsuna. In ya dawo ya leƙa ludayi ko akwai maiƙo a jiki. Shi kuwa da yamma mai tsire yana kawo masa nasa har zaure, ƙamshin yana shigowa ɗakin da ƙanensa yake kwance yana tsotsar rake.

Makonnin farko rawayar idon ta ɗan ragu, Yaya Bawa kuwa ya samu abin faɗa a masallaci. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ji tarihin shawarar da ya yi yana saurayi. Ni da ke kwana da mai jinyar wani abu daban nake gani. Lawali ya fita zai tayar da babur, ƙafarsa ta kasa taka shi, ya dawo ya zauna a ƙofar ɗaki yana haki. Daga nan tashi daga tabarma ma sai na kama shi, cinyoyinsa suna ciwo kamar an yi masa dukan kawo wuƙa. Gashin kansa ya yi laushi ya yi ja-ja, in na kaɗe matashi sai in ga ya zube. Faratansa suka yi fari fat. Hannuwa suna ramewa, ƙafafu da ciki suna kumbura.

Masu dubiya kowa da tasa. Wata gwaggonsu daga Banga ta ce sammu ne, tunda ya samu babur aka sa masa ido. Wani ya ce a nemo fitsarin raƙumi. Wani ya ce jiƙon ne bai yi kauri ba, Yaya Bawa kuwa ya karɓi wannan hannu biyu, aka ƙara saiwa. Babu wanda ya ce a ba bawan Allahn nan abinci.

Ana cikin wata na uku, wata rana da hantsi ina shafa masa ƙafa, ya ce da ni a hankali, "Kulu, kin san mi nika marmari? Ƙwan zabo. Ko guda."

Na juya baya don kada ya ga hawayena. Na shiga maƙwabta na samo ƙwai biyu, na jefa su cikin tukunyar ruwan kunu suka dahu, na ɓare masa. Ya cinye su yana lumshe ido, har ya lashe yatsa. Ɓawon na tura cikin toka. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Ashe Yaya Bawa har toka yake tonawa. Da la'asar ya tsaya tsakar gida da ɓawon ƙwai a tafin hannunsa, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Ku zo ku gani! Ni ina neman ma ƙanena lahiya, ita tana ba shi guba. Kashe shi za ki yi? Ko kin gaji da jinya, kina son ki hita ki yi wani aure?"

Tunda uwata ta haife ni ba a taɓa yi mini irin wannan cin mutunci ba. Na ce, "Yaya, yunwa shika ji. Dube shi hwa, ƙashi da hwata ya rage."

Ya ce, "Gobe ki kwashi ɗiyanki ki tahi Jangeru ki huta. Asabe ta ishe shi jinya."

Na shiga ɗaki ina jiran Lawali ya ce wani abu. Yana jin komai. Idonsa a rufin ɗaki ya ce, "Ki yi haƙuri ki tahi, Kulu. Shi na uwa, shi na uba gare ni. Ba ni iya ja da shi."

Na tafi. Fiye da wata guda ina gidanmu, abinci ba ya wuce mini wuya. Wayar Lawali tana aljihun Yaya Bawa, in na kira amsa ɗaya ce, jiki da sauƙi, a ci gaba da addu'a. Hanyar Shinkafi zuwa Kaura kuma ba hanya ce da mace za ta ce bari in je in leƙo in dawo ba. Sai ran nan Asabe ta ari wayar maƙwabciya ta kira ni. Allah ya saka wa Asabe da alheri, ita ma a tsorace take zaune a gidan. Ta ce, "Kulu, in kina son ki ishe mijinki da rai, ki taho."

Wana Haruna ya ajiye aikinsa ya rako ni. Abin da muka tarar ba zan iya kwatanta shi duka ba. Ciki ya yi tulu, fuska ta zurma, bai gane Haruna ba sai da na faɗa masa. Ga kofin jiƙo a gefensa, ga tarin ɓawon rake. Haruna bai gaisa da kowa ba, ya fita ya tsayar da mai keke, ya sunkuci Lawali kamar yaro. Yaya Bawa ya tare ƙofar zaure ya ce ba a fita da ƙanensa ba da izininsa ba.

Haruna ya ce, "Malam Bawa, ka kauce. In ba ka kauce ba, wallahi da kai da ƙohwar za ni hita."

Ya kauce. Yana bin mu da cewa duk abin da ya faru babu ruwansa.

Asibiti kuma tasa wahalar daban. Layin kati, layin ganin likita, layin ɗibar jini, kowane da bencinsa da mutanen da suka riga ka. Lawali yana kwance a cinyata a kan siminti, ina kore masa ƙuda, wata ma'aikaciya ta zo tana mana faɗa wai me ya sa muka zauna da shi har ya zama haka. Tambayar tata daidai ce, ba ni ya kamata a yi wa ba ne kawai. Keken ɗinkina da na tsira da shi daga ƙauye ya tafi a gwaje-gwaje da hoton ciki, Haruna ya sayar da ragon da yake turke. Aka ba mu gado.

Likitan da ya karɓe mu matashi ne, mai magana a hankali. Ya duba idon Lawali, ya danna cikinsa, ya juya hannunsa yana kallon faratan. Ya tambaye ni me yake ci. Na ce kunu da rake da jiƙo. Ya ce, sai me? Na ce shi ke nan. Ya ce tun yaushe? Da na faɗa masa, sai ya ajiye biro ya jingina da kujera.

Da sakamako ya fito ya kira ni da Haruna ya yi mana bayani, kuma ina roƙon Allah ya biya shi, don bai yi mana kallon jahilai ba. Ya ce akwai ƙwayar cutar hanta a jinin Lawali, mai yiwuwa tun yana yaro take cin sa a ɓoye. Wannan ba laifin kowa ba ne. Amma hanta mai ciwo abinci take nema fiye da mai lafiya, don da shi take gyara kanta. Sai ya faɗi kalmar da har gobe tana kaina.

Ya ce, "Akwai wani sinadari, siliniyam. Ɗan mitsitsi jiki yake bukata, amma da shi hanta take haɗa abin da ke kare ta daga dafin da take tacewa kullum. A kifi yake, da ƙwai, da nama. Hatsi ma yana da shi, amma gwargwadon ƙasar da aka noma shi, wani geron kusan babu. Ba mu da na'urar auna shi a nan, kuma ba shi kaɗai mijinki ya rasa ba. Amma wannan farcen, da gashin, da mutuwar cinyoyin, duk sun yi kama da rashinsa. Dama can yana ƙaranci a jikin masu ciwon hanta. An hana shi duk inda zai samu, sannan aka ɗora wa hantar jiƙo tana fama da shi."

Na ce, "Likita, da an bar shi yana cin abinci, da ya tashi?"

Ya ce, "Rai na Allah ne, Hajiya. Abin da zan iya cewa, da an kawo shi da wuri da ƙarfinsa, da muna da abin kamawa da yawa. Yanzu kaɗan ya rage."

Ya gargaɗe mu kada mu je kemis mu sayo ƙwayar sinadarin mu ɗura masa, don yawansa ma guba ne. Abinci za a ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, su kuma su yi nasu. Ya ce ni da yaran mu yi gwajin jini. Na fito ina maimaita kalmar a bakina, siliniyam, siliniyam, don kada ta ɓace mini kafin in haɗu da Yaya Bawa.

Wata nas mai suna a bakin kowa Inna, dattijuwa, ita ta koya mini in dafa kifi in cire ƙaya in dama shi cikin fate mai ruwa. Matar mai gadon kusa da mu tana ba ni aron risho. Mako na farko Lawali yana karɓar cokali uku, huɗu. Mako na biyu ya cinye rabin ƙwai, ya zauna da kansa, har ya tsokane ni wai na rame kamar ni ce mai shawarar. Na yi dariya, na fita bayan ɗakin na yi kuka, na soma sa rai.

A mako na uku ya yi aman jini. Daga nan hankalinsa ya riƙa zuwa yana tafiya, wani lokaci ya kira ni da sunan mahaifiyarsa. A ranar ne Yaya Bawa ya ga damar zuwa dubiya, da babbar riga da abokansa biyu. Idonsa ya sauka kan kwanon faten kifi. Ya juya wurin abokan ya ce, "Kun gani ko? Na hwaɗa masu. Da yana hannuna yana shan magani nai, aman jini yay yi?"

Na miƙe. Ban taɓa tsayawa a gabansa ina magana ba sai ran nan. Na gaya masa abin da likita ya ce, da sunan sinadarin da komai, a gaban abokansa da duk majinyatan ɗakin. Na ce masa yunwa ya kassara ƙanensa da ita, yana zaure yana cin tsire. Ya ce, "Sili mi? Turancin banza. Kakanninmu da sili sunka rayu?" Na ce kakanninmu suna da awaki da zabbi, kuma ba su tona toka. Inna nas ce ta shiga tsakani ta fitar da su.

Ranar Juma'a da safe Lawali ya farka garau, idonsa a kaina, ya san ni. Inna ta dube shi ta dube ni, ta ja labule ta ba mu wuri. Ya tambayi yaran. Ya ce in riƙe su da karatu. Sannan ya ce, "Kulu, ki yahe min. Na bari anka kore ki."

Na ce, "Na yahe maka duniya da lahira. Ni ma ka yahe min."

Ya ce ya yafe. Ya huta, ya kama yatsana, ya ce, "Saura guda. Ki yahe ma Yaya. Bai yi don mugunta ba. Abin da yas sani ke nan."

Shekarun da muka yi tare, Lawali bai taɓa neman abu a wurina na hana shi ba. Na san kalma ɗaya yake jira, na san kuma in na faɗe ta ƙarya ce zan yi wa mai shirin gamuwa da Ubangijinsa. Na ce, "Malam, roƙe ni wani abu. Wanga ba ni iyawa."

Bai sake maganar ba. Na ɗiga masa ruwa, na riƙa karanta masa kalmar shahada yana bi da leɓe. Ana kiran sallar Juma'a ya cika.

A zaman makoki Yaya Bawa ya riƙa gaya wa masu ta'aziyya cewa ƙwai da kifin asibiti ne suka ƙarasa ƙanensa. Ina cikin gida da carbi a hannu, ana kawo mini labari. Na haɗiye, na jira kwanakin takabata suka cika a Jangeru. Gwajinmu ya fito, ni da ƙaramar 'yata muna lafiya lau, babbar tana ɗauke da ƙwayar, ana duba ta a asibiti, kuma tana cin ƙwanta da kifinta a gaban kowa.

Yanzu duk gidan da na ji an ce wani ya yi shawara, a Jangeru ko cikin Shinkafi, mayafina nake ɗauka. Ina ce musu su tafi asibiti a auna jini tun ido bai gama rinewa ba, kada su karɓi maganin da sharaɗinsa yunwa ce. Kuma ba na cewa wani mutum a wani gari. Ina cewa Bawa dillalin hatsi na Kaura, wan mijina, in faɗi ɓawon ƙwai, in faɗi tsire. Na ji labarin ya kai masa har kasuwa, an ce in ya zauna a rumfa mutane suna tambayarsa ko yau ya tona toka. Da na ji haka na ci tuwona da daɗi.

Watan jiya Yaya Bawa ya samu tafiya Umra. Ya turo limamin unguwarsu da wani dattijo takanas har Jangeru, suka zauna a zauren mahaifina, aka kira ni. Liman ya yi nasiha mai kyau a kan haƙuri da zumunci, ya ce Malam Bawa zai tafi ɗakin Allah, yana neman kowa ya yafe masa, musamman ni. Na tambaya ko ya yarda cewa sharaɗinsa ya cuci Lawali. Dattijon ya ce ai ba a tone-tone, yafiya kawai ake nema.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ku gaishe shi, ku ce Allah shi kai shi lahiya. Amma wanda yaf fi shi daraja gare ni ya roƙa mashi wagga yahiya, yana riƙe da yatsana, rai nai na hita, ban ba shi ba. Ku hwaɗa ma Bawa ya tahi da haƙƙin Lawali, ya yi ɗawahi da shi, ya dawo da shi. Ni da shi sai gaban Allah."